CEO, Manajan Darakta ko Mai Sana'a: wanne ya dace da mai aiki shi kaɗai?

Ɗan'uwa, ka ce ka fara sana'ar haɗa wutar sola kai kaɗai, ka yi rajistar sunan kasuwanci, yanzu za ka buga kati da rasit, kana neman abin da za ka rubuta a ƙarƙashin sunanka: CEO, ko Manajan Darakta, ko wani abu daban. Allah Ya sanya albarka a neman. Bari in ajiye maka su kusa da juna ka gani.

Na fara da Manajan Darakta, domin shi ne wanda doka ta taɓa. A hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, CAC, rajista iri biyu ce ta shafe ka: sunan kasuwanci, wanda lambarsa ke farawa da BN, da kuma kamfani, mai lamba RC. Darakta muƙami ne na kamfani. Mai BN ba shi da darakta ko ɗaya. A takardarsa Proprietor aka kira shi, wato mamallaki. Kuma bambancin ya wuce na suna. Kamfani a idon doka tamkar wani mutum ne daban, shi ke cin bashi, shi ake makawa a kotu. Sunan kasuwanci kuwa kai ne da kanka, in bashi ya hau sana'ar, yana iya binka har kan babur ɗinka. To ka ga ranar da ka kai takardar neman aiki wata makaranta ko asibiti, ka sa hannu a matsayin Manajan Darakta, akawunsu ya duba ya ga BN, zai nemi takardar da ke nuna daraktoci, alhali babu ita. Ba ƙarya ka yi niyya ba, amma shakka ta riga ta shiga.

In muƙamin ya kwanta maka a rai, hanyarsa a buɗe take. Dokar kamfanoni ta CAMA da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Agustan 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa kamfani shi kaɗai, kuma ƙaramin kamfani ba dole ne ya naɗa sakatare ba. Kafin nan sai an kai mutum biyu, shi ya sa za ka ga wani ya sa sunan matarsa ko ƙanensa don dai a cike gurbi. Sai dai kuɗin rajistar ya fi, takardun sun fi, kuma harajin kamfani yana hannun hukumar tarayya, yayin da mai BN ke biyan nasa ga hukumar jiharsa. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram su ma haka abin yake a wajensu: mutum ɗaya na iya kafa SARL, wato irin kamfaninsu, a ƙarƙashin dokokin kasuwanci na OHADA da Nijar ke bi tare da wasu ƙasashen Afirka, kuma mai tafiyar da ita shi ake kira gérant.

CEO kuma babu mai hana ka rubuta shi, amma ka duba abin da yake faɗa. Ma'anarsa shugaban da manajoji ke ƙarƙashinsa. Hajiya ta karɓi katinka ta ga CEO, za ta zaci akwai ofis da yara. Gobe sai ga ka a kan tsani kana ɗaura fanel, kai ne mai auna batir, kai ne mai rubuta rasit. Hawa tsani abin alfahari ne, shi ne ma jarinka, amma katin ya ɓoye shi. Abin da ya fi damuna shi ne mai gida ba shugaba yake nema ba. So yake ya san wanda zai kira da daddare in inbata ta fara kuka. Na taɓa riƙe katin wani matashi mai gyaran firij na kusan wata guda ban kira shi ba, saboda CEO na gani da sunan kamfani mai tsawo, na ɗauka kuɗinsa zai fi ƙarfina. Ashe shagonsa yana bayan layinmu.

Founder, wato wanda ya kafa, ya fi CEO gaskiya, domin tun ranar farko kai ka kafa sana'ar. Yana da amfani a LinkedIn, ko wajen neman tallafi irin na Gidauniyar Tony Elumelu, ko rubuta wa dillalin kaya a Sin. A unguwa dai ba ya gaya wa kowa aikinka.

Akwai wanda ba ka ambata ba, amma na san zai zo maka: Injiniya. Mutane za su kira ka da shi, wannan bakinsu ne. Kai kada ka buga shi a takarda sai in kana da rajistar COREN, hukumar da aka kafa tun 1970, domin ita ke da ikon cewa wane ne injiniya a Najeriya.

Ni zaɓina shi ne ka raba abin biyu. A banki, da yarjejeniya, da duk inda za ka sa hannu da hatimi, ka rubuta Proprietor, daidai da takardarka. A kati da allon shago da WhatsApp kuwa ka sa sunanka, a ƙasa ka rubuta "Mai haɗa wutar sola da gyaranta", da Turancinsa a bayan katin. Kalmar "mai" a harshenmu tana ɗauke da mallaka da gwaninta a lokaci guda: mai shayi shi ke da teburin, shi ke haɗawa. Manyan sunayen sana'a kuma, irin su Sarkin Pawa da Sarkin Maƙera, naɗa mutum ake yi bayan an ga aikinsa.

Kada ka buga kati da yawa yanzu, ɗari ya isa. In aiki ya buɗe ka ɗauki yara biyu ko uku, ka koma CAC ka yi rajistar kamfani, sai ka sake bugawa da Manajan Darakta, lambar RC tana gefensa.