Ranar da bakanike a Jamus ya ki juye min mai saboda filta

Salamu alaikum 'yan uwa na gida, musamman ku masu mota da direbobin haya. Akwai abin da ya same ni a gareji a nan Jamus da ya ki fita min a rai, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto muku, ko wani zai tsira da injinsa.

Tsohuwar Golf nake hawa, na hannu na saya. Lokacin juye ya yi, na buga wa gareji waya suka yanka min rana, don a nan ba ka isa ka shiga da mota kai tsaye ka ce a duba maka ba, sai ka jira ranarka ko da aikin na rabin awa ne, wannan ma kadai ya ishe ka takaici. Ranar ta zo na je, na ce wa mai garejin, wani dattijo, ya juye min bakin mai kawai, filta kuwa ya bar ta tunda ba ta jima ba, in ya ga ta yi datti ya dauraye ta da fetur ya mayar. Wallahi kallon da mutumin nan ya yi min har yanzu ina ganinsa. Ya ajiye biro, ya kira yaronsa ya maimaita masa maganata da karfi, ga mutane zaune suna jira duk suka dago kai. Raina ya baci sosai, don ba wata magana ta daban na fada ba, abin da na tashi na ga ana yi ne kullum. Ya ce shi ba zai yi ba, in na dage in kai motata wani wuri, saboda hatiminsa ne zai hau littafin sabis, gobe inji ya samu matsala shi za a nema.

Na juya zan fita sai ya ce in dakata. Ya shiga ciki ya dauko wata tsohuwar filta irin ta gwangwani wadda ya yanka gida biyu yake ajiye da ita don nuna wa mutane, ya dora a tebur ya fara bayani daya bayan daya. Tun daga nan fushin ya fara sauka.

Abin da ke ciki takarda ce da aka nannade ta lankwasa lankwasa, mai yana bi ta jikinta ita kuma tana rike dattin. Kuma dattin da ke cinye inji ido ba ya ganinsa, garin karfe ne da bakin hayaki da kura wadanda girmansu bai wuce maikron 40 ba (maikron daya kashi daya ne cikin dubu na milimita), alhali silin gashin kai ma ya kai wajen maikron 70. Wadannan a cikin naman takardar suke shigewa su makale, to ta yaya fetur zai fitar da su? Bakin saman kawai yake wankewa, ka ga ruwa ya fito baki wuluk ka ji dadi ka ce an wanke, ramukan nan suna toshe yadda suke. Wanda kuma ya sa iskar kwamfiresa ya hure ta, sau da yawa yaga takardar yake yi ta ciki inda ba mai gani.

Wurin da ya fi tayar min da hankali shi ne wani dan bawul mai sifirin da ya nuna min a kasan gwangwanin. Ya ce masu kera mota sun san rashin mai gaba daya ya fi mai datti hadari, saboda haka in takardar ta toshe mai ya kasa wucewa, wannan bawul din sai ya bude mai ya zagaye takardar ya tafi cikin inji ba tacewa. Motar ba za ta tsaya ba, ba za ta yi wata kara ba, fitilar mai ta dashbod ma ba za ta kama ba domin ita karfin turin mai take aunawa, ba ruwanta da tsabtarsa. Kai kana tuki kana cewa Alhamdulillah mota lafiya lau, a ciki garin karfe yana zagayawa yana goge metal, wato biyarin din cikin inji, da ringin fistin a hankali a hankali. Sai bayan shekara daya ko biyu ta fara shan mai tana hayaki, ko inji ya buga a kan hanya, sai a ce ai dama motar ta gaji, ko a dora wa mai sayar da bakin mai laifi, babu wanda zai tuna da filtar da aka dinga daurayewa. Mota mai turbo, wato na'urar da ke kara tura iska cikin inji, abin ya fi muni, don turbon yana juyawa sama da sau 100,000 a minti daya kuma wannan man ne dai yake sha.

Akwai kuma wata roba a bakin filtar wadda ke hana mai zurarewa kasa in an kashe mota, da sassafe in ka tayar mai ya kai sama nan da nan. Zafi yana busar da ita ta yi tauri, fetur kuma ya kara lalata ta. Wannan karar kaf-kaf-kaf da wasu motoci ke yi na 'yan dakiku da safe, sau da yawa daga nan take, inji ne yake juyawa a bushe kafin mai ya iso. Ga kuma tsohon man da ke kwance a cikin gwangwanin, a wasu motocin ya kan kusa rabin lita, ka kashe kudi ka zuba sabon mai lita 4 ko 5 sannan ka gauraya shi da wancan, kamar mutum ya yi wanka ya mayar da rigar da ya wuni yana gumi a ciki.

Don adalci dai, ba kowane kamfani ne ya ce dole duk juye sai da sabuwar filta ba. Honda a yawancin motocinsu sun yarda a canza filta a juye na biyu, har a dashbod ma in harafin A ya fito yana nufin a canza mai kawai, B mai da filta. Toyota da Volkswagen kuwa tare suke cewa a canza. A nan Volkswagen suna ba da kilomita 15,000 ko shekara daya, masu tsarin LongLife, wato na juye mai dogon zango, har kilomita 30,000 ko shekara biyu, amma da irin man da suka ayyana da filtar da aka kera don ta jure wannan tsawon. Na san wani zai ce to ai Honda nake hawa. Dan uwa bude littafin motarka ka karanta inda suka yi maganar tuki mai wahala, wato kura, zafi, tsayuwa a go-slow inji na aiki, gajerun tafiye-tafiye, lodi mai nauyi, duk sun ce a irin wannan a rage tazarar juye. Yanzu fada min wanne ne a ciki babu shi a hanyoyinmu? Ko a littafin Honda ba a ce a cire filta a wanke a mayar ba, cewa aka yi a bar ta a daure inda take. Tsakanin juye da juye kuwa, in kara mai kawai ka yi saboda ya ragu, ba sai ka taba ta ba, sai dai in tana yoyo ko ta lotse.

Kar ku dauka komai na nan dadi ne. Kudin aiki a gareji ya kan ninka kudin kayan, ba ragi ba ciniki, ga takarda kan takarda sai ka sa hannu kafin a taba ko noti daya. Ba za su bar ka ka tsaya a kan motarka kana kallo ba, a daki za a zaunar da kai shiru ba mai ce maka sannu. Ina zaune a wurin nan na tuna kanikawanmu, mutum ya kara kunne a jikin inji ya gaya maka ciwonta tun kafin ya bude, ka kira shi da dare mota ta mutu maka a hanya ya hau mashin ya zo, ku zauna a benci ana aiki ana hira. Wallahi na yi kewar wannan. Hannu da basira muna da su, yaran da ke kwance inji su hada ba littafi ba kwamfuta ba kananan mutane ba ne. Abin da ke cutar mu shi ne wannan dabi'ar ta a lallaba, kuma mafi yawa daga mu masu motar take fitowa, bakanike ya ce a sayo filta ka ce masa ba kudi yau a bar ta sai wani juyen, wani juyen ya zo ka sake fadin haka. Filta tana cikin mafi arahar kayan mota, gyaran inji kuwa kowa ya san yadda yake kwantar da mutum.

Wani abin da ya burge ni, doka ce a nan duk mai sayar da bakin mai dole ya karbi tsohon mai kyauta daidai yawan wanda ya sayar maka, har da tsohuwar filtar, ba a jefa ta a shara balle a tuttule mai a kwata. Motar da ke digar mai ma tana iya faduwa a binciken da ake yi duk shekara biyu. Mu kuwa kasan garejinmu baki kirin, ruwan sama ya zo ya kwashe ya kai inda mutane da dabbobi ke sha, abin yana damuna kwarai.

Sai maganar jabu, don na san za ku ce ko mun saya ma wa ya san ta kwarai. Gaskiya ne. A nan kamfanonin da ke kera filta irin su Mann da Mahle da Bosch duk 'yan kasar ne, amma sunayen nan ake bugawa a kwali a zuba shara a ciki a kai kasashenmu. Ta jabu takardarta 'yar kadan ce, gam din yana sakewa da zafi, wata ma babu bawul din sam. Ku dauke ta ku ji nauyi, ku leka ramin ku ga takarda da sifirin, ku duba rubutun ko yana gogewa da yatsa, lambar kuma ta dace da injinku don zare ya hau ba shi ne ta yi daidai ba. In za a daura a shafa dan mai a zoben robar da ke zama a jikin inji, a tabbata tsohuwar roba ba ta manne a jikin inji ba, don in suka hau biyu mai zai tsiyaye cikin mintoci, sannan da hannu ake daurewa, kamar kashi uku cikin hudu na zagaye bayan roba ta zauna, ba da sifana ba. Tsohuwar da aka cire kuma ku ce a mika muku ita a hannu, ku huda ta da kusa kafin ku bar wurin, saboda kar wani ya tsince ta ya goge ya fesa fenti ya sayar wa dan uwanku.