Shagon gyaran keken ɗinki a Kasuwar Bacci

Masu keken ɗinki irin baƙin nan na ƙafa, akwai wani dattijo a Kasuwar Bacci ta Tudun Wadar Kaduna da ya kamata ku sani. Shagon ɗan ƙarami ne, kawunan kekuna jibge har bakin ƙofa, ga warin man keke. Nawa yana tsallake ɗinki yana tsinka zare, Baba ya juya shi da hannu sau ɗaya kawai ya kasa kunne yace ƙoshiya ce ta cinye, ya zaro wata daga tsohon gwangwanin madara ya saka, ta zauna daram, alhali kekena ɗan China ne ita kuwa daga jikin tsohuwar Singer aka ciro ta.

Wannan zaman da tayi ba banza ba. Elias Howe ɗan Amurka ne ya samu takardar mallakar fasahar a 1846, allura mai ido a tsini da ƙoshiya mai kulle zare ta ƙasa. Kafin shi Walter Hunt ya haɗa irinta amma bai yi rajista ba, sai ya tashi a tutar babu. Isaac Singer ya fito da nasa keken a 1851, Howe ya maka shi kotu kuma yayi nasara a 1854. Da shari'o'i suka ishe su sai manyan kamfanonin suka haɗa takardunsu wuri guda a 1856, duk mai son ƙera keke sai ya biya su, haka aka yi ta tafiya har 1877 da wa'adin ta ƙarshe ya cika.

Ni dai a ganina wanda ya ƙirƙiro abu ya ci guminsa, ba laifi, amma talaka baya morar fasaha sosai sai wa'adin nan ya ƙare kowa ya kwaikwaya. Shi yasa kayan gyaran wannan keken suke ko'ina, saɓanin na zamani mai kwamfuta da Baba yace in allonsa ya ƙone shi kam ba ruwansa.

Kuɗin aikin bai kai na ɗinkin riga ɗaya ba. Matsalarsa dai baya karɓar tiransifa sam, wajen zama benci ɗaya ne, kuma in sallah ta matso teloli sun cika shagon to kekenki zai kwana biyu a layi, gara ki kai tun kafin azumi.