Sharhi kan aikin wankewa da gyaran esi mai ɗigar ruwa

Wannan sharhi ne a kan cikakken aikin wanki da gyara da na biya aka yi wa esin falona a nan Kano, irin mai kai biyu wanda ake kafa ɗaya a bangon ɗaki ɗaya kuma a waje, mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, wato kimanin BTU 12,000 a ma'aunin ƙarfin sanyaya ɗaki. Ruwa ne ya riƙa zubowa daga ƙasan kan ciki yana bin bango a tsakiyar watan Agusta, har fenti ya fara kumbura. Na gamsu da aikin ƙwarai, kuma babban dalilin gamsuwata shi ne mai gyaran ya bi hanyar ruwa daga farkonta zuwa ƙarshenta kafin ya taɓa maganar gas, wato sinadarin da ke cikin bututun esi mai samar da sanyi.

Ruwan da esi yake fitarwa daga iskar ɗaki yake samo shi. Idan iska mai laima ta ratsa ƙarafan sanyi da ke cikin kan ciki, sai raɓa ta taru a jikinsu, ta gangara cikin wani siririn tire da ke ƙarƙashinsu, daga nan ta bi tiyo mai faɗin kimanin milimita 16 zuwa waje. A yawancin irin waɗannan na'urori babu famfon da ke tura ruwan, gangara kaɗai ke tafiyar da shi kamar yadda ruwan sama ke bin indararo, saboda haka ƙaramin cikas ya isa ya sa tiren ya cika ya tumbatsa. Wannan ne ma ya sa matsalar take yawan bayyana da damina a ƙasarmu. Ƙurar hunturu takan taru a cikin na'urar tun daga Disamba, da bazara kuwa iska a bushe take, ruwan da ake samu kaɗan ne, toshewar ba ta nuna kanta. Da zarar laimar Yuli da Agusta ta shigo, na'ura mai wannan girma tana iya tara lita guda ko fiye a cikin awa ɗaya, sai ƙurar nan ta jiƙe ta zama taɓo mai yauƙi a bakin tiyo.

Abin da mai gyaran ya fara yi bayan ya kashe wuta daga makunnin bango shi ne ya zare ragar tace ƙura guda biyu, ya ɗauki gorar ruwa ya tsiyaya a hankali cikin tiren, ya tura yaronsa waje ya duba ko zai fito. Ko ɗigo bai fito ba. Wannan gwaji ba ya buƙatar wani kayan aiki, kuma kowane mai gida zai iya yin sa da kansa, amma shi ne yake raba toshewa da sauran dalilai. A waje muka tarar zanzaro ya yi gini da laka a bakin tiyon, bayan an fasa ginin kuma ruwan ya fara fitowa amma da ƙyar, domin akwai yauƙi da gansakuka a can ciki. Ya zuƙo dattin daga waje da injin zuƙa maimakon ya hura iska ciki, ya kuma bayyana mini cewa hurawa tana mayar da dattin cikin tire ne, bayan ɗan lokaci ya sake dawowa ya toshe. Wannan bayani ya kwanta mini a rai, domin na sha ganin masu gyara suna sa baki su busa tiyo su ce an gama.

Bai tsaya nan ba, kuma a nan ne na ga bambancinsa da wasu. Ya ɗora ma'aunin magina mai ƙwayar ruwa a saman kan ciki, sai ga shi ya ɗan karkata zuwa ɓangaren da ba tiyo, saboda kusoshin farantin da ke riƙe da shi a bango sun saki. Tiren irin wannan na'ura yakan zo da kafa biyu, hagu da dama, ana sa tiyo a ɗaya a toshe ɗayar da roba, to idan kan ya karkata wajen toshewar, ruwa zai taru a can ya zubo ko da tiyon a buɗe yake. Ya sauke kan, ya ɗaure farantin da sababbin kusoshi, ya duba ramin bango ya tabbatar ya gangara zuwa waje, sannan ya miƙe wani lanƙwaso da tiyon ya yi a bayan gini. Ya kuma hana mu barin bakin tiyon ya nutse a bokitin da muke tarar ruwan, domin idan bakin yana cikin ruwa iska ba ta samun mafita, gudun ruwan sai ya tsaya.

Wankin kansa ya yi kyau. Ya rataya jakar leda mai mazurari a ƙarƙashin na'urar, ya fesa ruwa da ƙaramin famfo a kan ƙarafan sanyi da doguwar fankar da ke ciki, wadda idan datti ya lulluɓe ta takan riƙa watso ɗigon ruwa tare da iska. Ruwan da ya fito baƙi ƙirin ne.

Sai a ƙarshe na tambaye shi batun gas, tunda shi ne abin da aka saba ji. Ya ce, "Alhaji, bari mu auna tukuna, kada ka biya kuɗin abin da ba ka buƙata." Ya kunna na'urar ta yi aiki na ɗan lokaci, ya ɗaura ma'auni a injin waje, ya shafa kumfar sabulu a mahaɗan bututun jan ƙarfe, ya nuna mini babu ƙanƙara a jikin ƙaramin bututun kuma babu alamar mai a mahaɗan. Gaskiya ne ƙarancin gas yana iya jawo ɗigar ruwa, domin yana sa ƙarafan ciki su daskare, idan ƙanƙarar ta narke ta fi ƙarfin tire, kuma ragar da ƙura ta toshe ma tana haifar da irin wannan daskarewa. Amma gas ɗin esi, ko R22 ne ko R410A ko R32, zagayawa yake yi a rufaffen bututu, ba ya ƙarewa don an yi amfani da shi. Idan ya ragu to akwai inda yake tsiyaya, kuma wanda ya ƙara maka gas bai nemo wurin ya toshe ba, ya shirya maka wata biyan ce nan gaba. Irin gas ɗin da na'ura take amfani da shi a rubuce yake a takardar da ke jikin injin waje, kuma bai halatta a gauraya wani da wani ba.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Bai rufe akwatin wayoyin lantarki da ke gefen dama na kan ciki ba sai da na yi magana, alhali ruwa kaɗan ya isa ya ƙona allon lantarkin da ke ciki, wanda kuɗinsa ya ninka na wankin. Bai kuma ba da wata takarda da ke nuna aikin da aka yi ba, abin da nake ganin ya kamata masu wannan sana'a su saba da shi. Kuɗin aikin ya fi na wankin raga da aka saba yi, amma bai kai na cika gas ba, kuma tun daga ranar bango a bushe yake, sanyin ma ya ƙaru. Ragar kuwa yanzu a gida muke wanke ta duk bayan mako biyu, kamar yadda littafin na'urar ya tanada.

Abu guda da ya rage shi ne soson da ke lulluɓe da bututun jan ƙarfe, wanda rana ta cinye daga waje har zuwa bakin ramin bango. Bututu mai sanyi idan ya zauna tsirara yakan yi gumi, gumin kuma yana iya bin rami ya jiƙa bango daga ciki, mai gida ya zaci tiyo ne ya sake toshewa. Mai gyaran ya naɗe wurin da tef ne kawai saboda bai zo da sabon soso ba, mun kuma yi da shi zai dawo ya sauya shi gaba ɗaya kafin damina mai zuwa.