Babbar masana'anta ko ƙaramar na'ura: ina za a kai iskar gas da ake ƙonawa?

Duk wanda ya ratsa yankin Neja Delta da dare ya san wutar nan mai ci bal-bal a saman bututu. Iskar gas ce da ke fitowa tare da ɗanyen mai, ake ƙone ta a banza. Tun 1925 Bajamushe Fischer da abokinsa Tropsch suka gano hanyar da a yau ake bi wajen mayar da irin wannan iska ruwan mai kamar dizal. Inda ake jayayya shi ne girman tukunyar da ake sarrafa iskar a cikinta.

Hanya ta farko ita ce babbar masana'anta. Ta Escravos a jihar Delta, wadda Chevron da NNPC suka gina, ta fara aiki a 2014, tana iya fitar da ganga dubu 33 a rana. Amma ta laƙume kusan dala biliyan 10, kuma sai an ja mata bututu daga rijiyoyi. Rijiyar da ke can cikin fadama, mai ƴar iska kaɗan, ba ta isa a kashe mata wannan kuɗi ba.

A nan ƙaramar na'ura ta shigo. Binciken Jami'ar Oxford ya haifi kamfanin da daga baya ya zama Velocys, mai tura iskar cikin siraran magudanai a na'urar da babbar mota za ta ɗauko zuwa bakin rijiya. Ni dai ita ta fi kwanta mini a rai, duk da cewa wadda aka kafa a Oklahoma ta Amurka ta tsaya a 2018 bayan tukunyarta ta yi yoyo.