Zoben filatinam, farin gwal ko azurfa: abin da za ka duba kafin ka biya

Shekara uku da suka wuce na saya wa uwargidana zobe a wani shago, mai shagon ya rantse mini filatinam ne. Wata biyar bai cika ba cikin zoben ya fara baƙi, yatsarta ya yi ja yana ƙaiƙayi. Da na kai wa wani maƙerin fari ya kankare gefe, sai ga azurfa an shafe ta da rodiyam, wani farin ƙarfe mai sheƙi. Har yau in na tuna raina yakan ɓaci, shi ya sa nake son duk mai niyyar sayen farin zobe ya san abin da zai riƙe a hannu.

Filatinam na gaske ba ya tsatsa, ba ya dusashewa, farinsa daga ciki yake har waje. Ka yi alwala da shi shekara da shekaru, ka sha zufar bazara, yana nan yadda yake. In ya gogu da wani abu, ƙarfen matsawa yake yi gefe, ba ya zubewa kamar gwal, don haka zoben da aka gada daga uwa ba ya sirancewa. Sai zafi ya kai digiri 1,768 yake narkewa, gwal kuwa a 1,064. Ana sa shi a bututun hayaƙin mota don rage guba, ana kuma haɗa cisplatin, maganin ciwon daji, da shi. Kusan kashi 70 cikin 100 na wanda ake haƙowa a duniya daga Afirka ta Kudu yake fitowa, a yankin Bushveld, sai Rasha da Zimbabuwe. Mai fata mai saurin ƙaiƙayi ma ya huta, domin zoben kirki kashi 95 cikin 100 filatinam ne zalla.

Ga maza akwai wani abin. Farin gwal gwal ne, an dai gauraya shi da wani farin ƙarfe, saboda haka hukuncin gwal yana kansa. Filatinam kuwa ƙarfe ne daban, malamai da yawa sun halatta shi ga namiji. Ka tambayi malaminka.

Farin gwal ba na ba da shawararsa: rufin rodiyam ɗinsa yana gogewa, rawaya ta leƙo, sau da yawa kuma akwai ƙarfen nikel a ciki mai sa ƙuraje. Azurfa tana da araha da albarka, amma baƙi take yi, tana lanƙwashewa.

Aibin filatinam guda ne a wajena. In buƙata ta taso, gwal kana shiga kasuwa za ka sayar, shi kuwa samun mai saye a kasuwanninmu aiki ne, kuma ba kowane maƙeri ke da wutar gyara shi ba. Mai neman ajiyar dukiya ya sayi gwal. Tun wajen 2015 ma gwal ya fi shi tsada a giram.

To, maganar 'yan damfara. Ka fara duba hatimin cikin zoben: PT950 ko PT900 ake bugawa. In ka ga 925, azurfa ce. 750 ko 585, gwal ne. Amma kada hatimi ya ruɗe ka, nawa ma PT950 aka buga masa, ƙarfen buga lamba ba wuyar samu gare shi ba. Nauyi ya fi hatimi faɗin gaskiya. Filatinam ya ninka azurfa nauyi, ya ma fi gwal. Ka ɗora shi a tafin hannu tare da zoben azurfa mai girmansa; in ba ka ji ya danne hannunka ba, ajiye musu kayansu. Ka tafi da maganaɗisu: in ya cafke zoben caraf, baƙin ƙarfe ne aka goge. Akwai kuma wani ƙarfe, tangistan, mai nauyi ne shi ma, da shi ake yaudarar waɗanda suka san zancen nauyi, sai dai launinsa ya fi duhu, kuma fashewa yake yi in an buga shi da ƙarfi. Wanda ya ce maka "filatinam ne mai rufi", ya gaya maka gaskiya da rabin baki, shafe ne kawai a kan wani ƙarfe.

In kuɗin da yawa, kada ka biya sai an gwada a na'urar tantance ƙarfe a gabanka, manyan shagunan kasuwar gwal ta Deira a Dubai suna da ita. A rubuta maka nauyi da lambar hatimi a rasit. Mai shagon da ya fara rantsuwa da ka ambaci gwaji, ka yi masa sallama ka fita.