Akademi mai kuɗi ko ƙaramin kulob ɗin gari: ka kai shi inda zai buga wasa

Malam, ka tambaya inda za ka kai yaro ɗan shekara 15, tsakanin akademin kwana da ake biya duk zango da ƙaramin kulob ɗin garinku mai buga NLO, gasar ƙwallon ƙafa ta rukuni na uku a Najeriya. Ni kulob ɗin zan ce maka. Duka biyun na gwada a kan ɗan yayana da nake riƙo tun rasuwar mahaifinsa.

Akademin tana da fili mai ciyawa da jesi masu kyau, wannan ba zan hana ta ba. Zango uku na biya, sai da babur ɗina ya tafi, amma yaron bai buga wasan gasa ko ɗaya ba, sai wasa tsakaninsu da ɗaukar hoto. Har yau in na tuna kuɗin nan raina yana ɓaci.

Kulob ɗin da ya koma kuwa filin ƙasa ne a bayan makarantar firamare. Kocin tsohon ɗan wasa ne, walda yake yi da rana, atisaye bayan asuba da bayan la'asar. Sati biyu da yaron ya fara zuwa, sai ga kocin har gida, ya gaishe da mahaifiyar yaron, sannan ya ce min: "Alhaji, yaron nan ba ɗan gaba ba ne, ƙafar hagu Allah ya ba shi, ku bar min shi a baya." Yaron ya yi fushi, don kowa so yake ya zura ƙwallo. Wata huɗu yana zaman benci. Ranar da aka fara saka shi, wasan waje ne, sun yi tafiyar awa biyar a bas, ya haɗu da magidanta masu gemu waɗanda ba sa tausayin ƙafar kowa. An ci su biyu. Da suka dawo cikin dare, kocin bai sallame shi ba sai da ya zana masa a ƙasa da tsinke inda ya tsaya ba daidai ba. Kuma dokarsa ɗaya ce: wanda bai je makaranta da safe ba, kada ya zo fili da yamma. Yanzu shekarunsa 18, shi ke riƙe da lamba uku, ya kuma rubuta jarrabawar gama sakandare.

Ka lura da inda kowanne yake samun abincinsa. Akademin da ke karɓar kuɗin zango ta riga ta ci ribarta ranar da ka biya. Ƙaramin kulob kuwa ba ya ganin komai sai yaro ya zama ɗan wasa. A dokar FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Shi ya sa kocin da ya san abin da yake yi yake lallaɓa yaro kamar ƙwai, yake kuma dagewa a yi masa rajista da sunan kulob ɗin.

Dubi Ahmed Musa. Daga akademin GBS a Jos aka ba da shi aro ga kulob ɗin JUTH, daga nan Kano Pillars, inda ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, ya fi kowa a gasar. Wasannin da ya buga a gida su suka kai shi VVV-Venlo ta Holan. Ko shi ma sai da aka jira ya cika 18 a watan Oktoba na 2010 kafin ya samu damar buga musu. Ba wai kalmar akademi ce matsala ba. Beyond Limits ta Ikenne akademi ce, amma gasar NNL, ta rukuni na biyu a Najeriya, ta shiga da yaranta, kuma ta ɗauko Kofin Viareggio na matasa a Italiya a 2024. Idan wadda kake magana a kai tana cikin gasa ta gaskiya, to da sauƙi. Ka tambaye su wace gasa suke bugawa, wasa nawa suka yi bara, ka ga ko amsar za ta fito kai tsaye.

Ba ka tambaya ba, amma dole in faɗa. Da zarar yaron ya fara haskawa, masu kiran kansu ejan, wato dillalan 'yan wasa, za su zagaye ka. Za su nuna maka takardar gayyata a waya mai tambarin wani kulob na Turkiyya ko Saifurus, su ce ka kawo kuɗin biza da jirgi kafin Juma'a. Kada ka ba da ko sisi. FIFA ta hana kai yaron da bai kai 18 ba wani kulob a ƙasar waje, in ban da 'yan dalilai kamar ƙaurar iyayensa ba don ƙwallo ba. Kulob ɗin da yake son yaro da gaske shi ke ɗaukar nauyin tafiyarsa. A unguwarmu akwai wanda aka sayar da gona aka tura, aka bar shi a masauki babu kulob babu kuɗin dawowa. Haka nan wanda ya ce a rage masa shekaru, ka sallame shi. Gasar 'yan ƙasa da 17 ana ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI, yara da yawa a nan aka mayar da su gida.

Ka kai shi kulob ɗin. Ka je da kanka ka ga lasisin yaron daga hukumar ƙwallon jiha, da sunansa da ranar haihuwarsa ta gaskiya. Kada ka sa hannu a takardar da ba a ba ka kwafi ba, kuma ka sani ɗan ƙasa da 18 ba a ɗaure shi da kwantiragin da ya wuce shekara uku. Kuɗin zangon da ka tanada ka saya masa takalmi biyu masu kyau, sauran a kan abinci da kuɗin makaranta. Ranar wasansu na gida kuma ka je ka tsaya a bakin fili ya gan ka.