Ofishin lauyan da ya duba maganar sallamata daga aiki a Katsina

Bayan shekara shida ina aiki a wani kamfanin sarrafa shinkafa, sai aka miƙa mini takardar sallama da hujjar cewa ciniki ya ja baya. Wani maƙwabcina ne ya nuna mini wani ƙaramin ofishin lauya da ke kusa da Ƙofar Ƙaura.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda lauyan ya zaunar da ni ya warware mini sashe na 20 na Dokar Ƙwadago da Hausa tsantsa: dole mai kamfani ya sanar da ƙungiya ko wakilin ma'aikata dalilin rage ma'aikata da yawan waɗanda ragin zai shafa, ya fara da wanda ya zo a ƙarshe tare da la'akari da ƙwarewa, sannan ya yi iya ƙoƙarinsa a daidaita kan kuɗin sallama. Ni kuwa an bar waɗanda na koya wa aiki, kuma sanarwar mako guda aka ba ni, alhali sashe na 11 ya tanadi wata guda ga wanda ya kai shekara biyar.

Bai yi mini romon baka ba, domin ya ce zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa yana cin lokaci, saboda haka da wasiƙa ya fara, kuma ita ta sa aka biya ni.

Kuɗinsa da sauƙi, sai dai samunsa a waya wahala ne, kuma sau biyu ina zuwa in tarar ya tafi kotu.